Fanshon Baba, kuɗin haya da maganar haraji

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Yau maganar ta dattawanmu ce, da ku 'ya'ya da jikoki masu riƙe musu waya da katin ATM, ku ne ma nake so ku fi kasa kunne.

Tun da sabuwar dokar harajin nan da shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, hankalin tsofaffi da yawa bai kwanta ba. Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon malamin firamare, sai da ya tasa ɗansa gaba har wajen mai POS aka kwashe ɗan abin da ke asusunsa kaf, ya naɗe a baƙar leda ya tura ƙarƙashin katifa, wai an ce masa duk alat ɗin da ya shigo sai gwamnati ta yanki nata. Haba Baba!

To ku ji da kyau. Fansho da garatuti babu haraji a kansu, doka ta cire su. Kuɗin cefane ko na magani da yaro ke turo wa mahaifiyarsa daga Legas ko Abuja kuwa kyauta ce, ba sana'a ta yi ta samu ba.

Inda maganar take shi ne kuɗin haya, kuma nan ne ake yawan yin shiru. Dattawanmu da yawa da suka bar aiki sun fasa katangar gida sun fitar da shago biyu ko uku, wasu sun zuba 'yan haya a gidan gado, to wannan kam kuɗin shiga ne. Amma ko shi ɗin, naira dubu 800 na farko a shekara ba a taɓa shi, sai abin da ya hau kai ake cire kashi 15 cikin ɗari, har zuwa miliyan 3. Misali in shagunan Baba na kawo miliyan 1 da dubu 200 a shekara, dubu 400 ɗin sama kawai za a lissafa, harajin ya kama dubu 60 ke nan. In kuma tsohuwa ce ke zaune a gidan haya, ana rage mata kashi 20 na kuɗin hayar daga abin da za a lissafa, iyakarsa dubu 500, amma fa sai da shaida, rasit ɗin nan da muke rainawa.

Saboda haka kai mai kula da su, nemi fayil guda ka riƙa tara rasit na haya, da na gyaran rufi da famfo, da takardar banki. Ranar 31 ga Maris ce ƙarshen miƙa bayanin kuɗin shiga na shekara, kuma hukumar harajin jiharku za ku je, KIRS in a Kano kuke, KADIRS a Kaduna. Lambar NIN ɗin Baba ita ce lambar harajinsa yanzu.

Sai 'yan damfara, su ma sun samu kasuwa. Duk wanda ya bugo wa Hajiya waya wai daga ofishin haraji yake, ta karanto masa lambobin katinta ko lambar da aka turo mata ta tes, ku gaya mata tun yau ta kashe wayar ta kira ku.