Amsoshin Tambayoyinku: Sana'ar mai barkwanci da ke zagaya garuruwa

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa daga nan Birnin Kebbi. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani matashi a Jega, wanda ya ce abokansa suna yaba masa da iya ba da dariya a majalisa, yana kuma son sanin yadda zai zama irin mai barkwancin nan da ke tsayawa shi kaɗai a kan dandamali, yau yana wannan gari gobe yana wancan.

Ɗan'uwa, wannan ba baƙuwar sana'a ba ce a ƙasar Hausa. 'Yan kama sun daɗe suna bin kasuwanni da gidajen biki suna kwaikwayon salon karatun malamai, suna juya shi zuwa zancen tuwo da fura, haka ma 'yan gambara da gangarsu, ga kuma wawan sarki a fada. Abin da ya zo sabo shi ne a kama zaure, a sayar da tikiti, mutum guda ya riƙe jama'a da bakinsa kaɗai. A Legas ana ɗaukar mai barkwanci Ali Baba a matsayin wanda ya ɗaga darajar wannan salo, kuma taron Nite of a Thousand Laughs da Opa Williams ya fara a 1995 ya fito da masu barkwanci da dama. Mu a Arewa, wasan kwaikwayo da fim ne suka ɗauki barkwancinmu, inda marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya yi fice, shi ya sa har yanzu filin dandamali yake da sauran wuri.

Sai dai dariyar majalisa daban take. Abokanka sun san ka, sun san wanda kake nufi tun kafin ka ambace shi, amma baƙon da ya biya kuɗinsa ya zauna ba ka bin sa bashin murmushi. Saboda haka masu wannan sana'a sukan fara da minti biyar kacal, su rubuta, su gwada a gaban mutane, su naɗi muryarsu a waya, su koma gida su saurari inda aka yi dariya da inda aka yi tsit, su yanke abin da bai yi aiki ba. Haɗa zancen da zai cika sa'a guda yakan ci shekara ko fiye. A ganina, wurin gwajinka na farko shi ne gabatar da walimar biki ko taron ɗalibai, domin a nan za ka koyi karanta fuskokin mutane.

Tafiya kuwa ita ce babbar malamar. Zancen da ya kwantar da mutane da dariya a Argungu zai iya faɗuwa a Zuru, inda jama'a suka bambanta a harshe da addini, ko a Kamba, inda za ka tarar da Zabarmawa da baƙi daga Nijar a cikin masu kallo. Ka kuma kula da dokar taubasantaka: Bafillace yana da izinin tsokanar Babarbare, Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bagobiri ya tsokani Bayarabe, amma wanda ba ya cikin wannan dangantaka, idan ya ari maganar, sai ta koma zagi. Addini da nakasar mutum kuwa, shawarata ita ce ka bar su gaba ɗaya.

Wata uwa daga Yawuri ta tambaya ko wannan sana'a za ta iya riƙe gida, domin ɗanta ya nace a kanta. Hajiya, damuwarki tana kan hanya. Kuɗin na zuwa ne ta hanya biyu: ko mai taro ya gayyace shi a yi jinga, ko shi da kansa ya shirya taron ya dogara da tikiti. A ta biyun, kafin ya ga ko sisi sai ya biya kuɗin zaure, da hayar lasifika, da man janareta, da kuɗin mota, da masauki, kuma idan mutane ba su zo ba asarar tasa ce. Ko a jinga, kada ya bar gida sai an ba shi kafin alƙalami. Aikin yana da kaka da rani, yakan yi yawa a lokacin bukukuwan sallah da na aure, ya ɗauke a watan azumi, ga kuma halin da wasu hanyoyinmu suke ciki, wanda ke tilasta tafiyar rana kawai. Ki ƙarfafa masa ya riƙe karatunsa ko sana'ar hannunsa har sai gayyata ta fara zuwa da kanta.

Daga Gusau kuma an tambaye mu ko ya kamata a riƙa saka wasan a Facebook da TikTok. Malam, ka saka kaɗan domin a san da kai, amma ka tuna cewa waƙa ake so a maimaita, labarin ban dariya kuwa idan an riga an san ƙarshensa ba mai sayen tikiti ya sake jin sa. Ka fitar da gutsuren minti ɗaya ko biyu daga tsohon zancenka, sabon kuma ka adana shi har ka gama zagayen garuruwan da ka tsara.