Jawabin Maraba Ga Farfesa Iya Abubakar Daga Malamai Da Ɗaliban Tsangayar Injiniya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Farfesa, babban baƙonmu kuma ubanmu. Shugabannin wannan makaranta, malamai 'yan'uwana, iyaye da ɗalibai, barkanmu da hallara.

A madadin malamai da ɗaliban wannan tsangaya, ina yi maka lale marhabin. Sannu da hanya, sannu da ɗawainiya. Mun san tafiya a irin shekarunka sai da juriya, amma ka amsa gayyatarmu. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya.

Baba, da yawa daga yaran da ke zaune a nan sun fara ganin sunanka ne a jikin gini, wato cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Ka yi mini izini in faɗa musu wane ne mai sunan.

An haife ka a Belel ta ƙasar Adamawa a 1934. Ka yi karatu a kwalejin da yau ake kira Barewa, ka wuce Ibadan lokacin tana kwaleji ƙarƙashin Jami'ar Landan, ka fita da sakamako mai daraja ta ɗaya a lissafi. Daga nan sai Kambirij a Ingila, inda ka yi digirin digirgir.

A nan nake so ɗalibai su kasa kunne sosai, don wannan ɓangaren ne mutane suka fi saurin tsallakewa in suna ba da tarihinka. Bincikenka ya shafi yadda motsin girgiza ke ratsa abu mai tauri, kamar dutse. Idan girgiza ta taso a cikin ƙasa, tana tafiya har ta kai iyakar da ke tsakanin wani shimfiɗen dutse da wani. In iyakar sumul take, lissafin yadda motsin zai dawo da yadda zai wuce sananne ne tun da daɗewa. To amma cikin ƙasa ba a sumul yake ba, akwai tudu akwai kwari, kuma motsin warwatsuwa yake yi in ya bugi irin wannan wuri. Wannan warwatsuwar ce ka zauna ka yi wa lissafi, ka wallafa a mujallar masana ta Kambirij a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Mai neman man fetur da ke aika girgiza cikin ƙasa yana sauraren dawowarta, da injiniyan da ke auna ƙasa kafin a kafa madatsar ruwa, duk a kan irin wannan ilimi suke dogara. Da alli da allo kawai aka fara shi.

A 1967 ka zama farfesan lissafi a Zariya. A 1975 kuma ka gaji Farfesa Ishaya Audu a kujerar shugaban jami'ar, ka riƙe ta har 1978. A zamanin, tsangayar injiniya ta Samaru, wadda jami'ar ta gada daga tsohuwar kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, na cikin manyan wuraren da ƙasar nan ke samun injiniyoyinta, kuma mai lissafi ne ke jan ragamar gidan baki ɗaya. Mu da muke koyarwa muna ganin dacewar hakan.

Sauran sananne ne: ministan tsaro a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, sannan sanata mai wakiltar Adamawa ta Arewa daga 1999 zuwa 2007.

Ranka ya daɗe, al'ada ce in babba ya zo a kai masa kuka, mu ma muna da namu. Yaranmu na zuwa da ɗokin zama injiniyoyi, suna son taɓa inji, suna son saka hular kwano a wurin gini. Amma da an shiga ajin lissafi na shekarar farko sai jiki ya yi sanyi. Ina ganinsu: yaro ya cika littafi da ƙa'idojin da ya haddace, an ɗan sauya tambaya sai ya ajiye biro ya zuba tagumi. Ba rashin kai ba ne, wallahi akwai masu kaifin basira a cikinsu. Tun daga sakandare aka tsoratar da su, wasu ma sun gama ba su taɓa samun malamin lissafi tsayayye ba, musamman 'yan makarantun karkara da 'yan mata. Abin yana ci mana tuwo a ƙwarya, domin wanda ya haddace lissafi bai fahimce shi ba, ba ma so a ba shi zanen gadar da jama'a za su hau.

Roƙonmu biyu ne. Ka sa baki wurin masu iko, su da ke jin maganarka, a ɗauki malaman lissafi a kuma riƙe su da daraja. Sannan yau, kafin ka tashi, ka gaya wa waɗannan yara yadda ɗan Belel ya zauna da lissafi har ya saba da shi. Daga bakinka za su fi yarda.

Bismillah, ranka ya daɗe, muna sauraro.