Me Ya Sa Teburin Hash Ɗinka Ke Jan Ƙafa a OCaml?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka daga nan Kumasi. Yau muna kan OCaml, yaren nan na rubuta manhajar kwamfuta da cibiyar INRIA ta Faransa ta fitar a 1996. Ɗalibanmu na jami'ar KNUST da ke Zango da Aboabo, ku matso kusa.

A ce ka rubuta manhajar da ke buga dara. Allon yana da gurbi 30, jeri 5 sau 6. Don kada kwamfuta ta riƙa maimaita lissafi, duk yanayin allon da ta taɓa gani sai ta ajiye shi a Hashtbl, wato teburin hash na OCaml, allon kansa shi ne mabuɗi, wato abin da ake nemo ajiyar da shi. Da farko abin na gudu kamar walƙiya. Da ajiya ta kai miliyan ɗaya, sai komai ya tsaya cik. Kafin ka kashe sidinka a kan sabuwar kwamfuta, tsaya mu duba.

Teburin hash kamar mai ajiyar kaya ne a tashar Kejetia: ya dubi sunanka, ya fitar da lamba, lambar ta nuna masa kantar da kayanka suke. Lambar ita ce hash, kantar kuma ita ake kira bokiti. In kaya sun bazu ko'ina, miƙa hannu ɗaya ya isa. In sun taru wuri guda, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

To ga inda gizo ke saƙar. Hashtbl.hash, wanda ke fitar da lambar nan, ba ya karanta mabuɗinka gaba ɗaya. Da zarar ya ci karo da ƙima 10 masu ma'ana, ya gama. An yi haka da gangan ne, don kada babban mabuɗi ya cinye lokaci. Amma a allonmu, gurbi 10 na farko kawai yake gani, sauran 20 ko oho. Kowane gurbi kuwa hali uku gare shi: fanko, naka, ko na abokin karawarka. Uku sau uku har sau 10 ya ba da 59,049. Iyakar lambobin da za su taɓa fitowa ke nan, ko da allunanka sun kai miliyan. Ka raba ka gani: kusan allo 17 a kowane bokiti, in ma an yi rabon adalci, kuma ba a yi, domin wasu fasalin sun fi wasu yawan maimaituwa. Teburin zai ci gaba da ninka bokitansa duk lokacin da ajiya ta haura ninki biyu na yawansu, amma sabbin bokitan haka za su zauna wayam.

Kuma kowane allo da ke cikin bokitin sai an gwada shi da naka. Hashtbl na gama-gari yana yin gwajin ne da compare, wanda bai san irin kayan da ka ba shi ba, don haka sai ya tsallaka cikin umarnin da aka rubuta da yaren C yana lalube gurbi-gurbi.

Akwai Hashtbl.hash_param da za ka ɗaga goman nan da shi, amma ni a ganina faci ne kawai. Gyaran gaskiya shi ne ka ƙanƙance mabuɗin. Bit ɗaya hali biyu yake ɗauka, 0 ko 1, don haka hali uku na shiga cikin bit 2. Gurbi 30 sau 2, bit 60. Int, wato cikakkiyar lamba ta OCaml, a na'ura mai bit 64 yana da bit 63 na amfani. Ka ga allon dara ɗungurungum ya shige cikin lamba ɗaya, har da ragowar wurin rubuta wanda ke da wasa.

Yanzu ga yadda muka yi. Mun kira Hashtbl.Make, wanda ke ƙera tebur daidai da irin mabuɗinka, mun ce masa mabuɗinmu int ne, gwajinmu Int.equal. Gwajin da ke zagaye gurbi 30 ya koma kwatanta lamba biyu.

Hattara a nan. Wani zai ce tunda mabuɗin lamba ne, bari in miƙa ta yadda take a matsayin hash. Kul! Yawan bokitai kullum ninkin biyu ne, 16, 32, 64, kuma bit ɗin ƙasa kawai ake ɗauka wajen zaɓen bokiti. Ka sake komawa gidan jiya, gurabun farko ne kaɗai ke magana. Ka bar Hashtbl.hash ya gauraya lambar, tunda yanzu ƙima ɗaya ce tal.

Sauran ƙanana ne. In ka san yawan ajiyarka, faɗa wa create, mai ƙirƙirar teburin, tun farko. Wajen saka ajiya yi amfani da replace, domin add yana jibga sabo ne a kan tsoho ba tare da ya goge shi ba.

Sai ka kira stats, mai ba da alƙaluman teburin, kafin gyara da bayan gyara, ka sa ido a kan max_bucket_length, wato tsawon bokitin da ya fi kowanne cika. In har yanzu yana cikin ɗaruruwa, koma ka binciki fankshan ɗin hash ɗinka.