Takobi Ya Ci Suna, Baka Da Bindiga Suka Yi Aikin: Lacca Kan Makaman Japan

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Makamai huɗu zan taɓo a yau: baka, takobi, bindiga, sai kayan Yaƙin Duniya na Biyu. Shugaban zama ya ba ni minti 40, Allah ya sa in cika alkawari.

Na farko baka. Jarumin Japan na asali, wato samurai, mahayin doki ne mai harbi da kibiya. Bakansu, yumi, ya fi mita 2 tsawo, kuma ba a tsakiya ake riƙe shi ba, can ƙasa-ƙasa ne. A fagen fama kibiya da mashi su ne suka fi kashe mutane. Takobi sai an yi gaba da gaba ake zare shi. Ku riƙe wannan.

Na biyu takobi, katana. Nan fa sai kun yi haƙuri da ni. Ba su da tama mai kyau a dunƙule, baƙin yashi ne mai ƙarfe suke tarawa. Sai su gina murhun yumɓu, tatara, su yi ta zuba yashi da gawayi, yashi da gawayi, kwana uku dare da rana ana zuga wuta. A ƙarshe a fasa murhun gaba ɗaya a ciro ƙarfen. A fasa shi fa! Kowane zubi sai an gina sabo. Har yau akwai irin wannan murhu a lardin Shimane, an farfaɗo da shi a 1977.

Ƙarfen nan bai fito daidai ba, wani ɓangaren ya yi tauri, wani ya yi taushi, ga datti. Shi ya sa maƙerin yake dukansa, ya ninke, ya sake duka, ya ninke. Akwai mai lissafi a nan? Ninki 15 nawa ke nan? Falle 32,768. Masu cewa ana ninkewa sau dubu, ku bar su, hira ce ta bakin shago. Kuma ninkin ba siddabaru ba ne, gyaran ƙarfe maras kyau ne kawai. Talauci ne ya koya musu dabara. (dariya)

Ga inda abin ya fi burge ni. Ƙarfe mai tauri yana riƙe kaifi amma yana karyewa, mai taushi ba ya karyewa amma yana dakushewa. Sai su sa mai taushi a ciki, su lulluɓe shi da mai tauri. Sannan a shafa yumɓu, mai kauri a gadon bayan takobin, ɗan siriri a bakinsa, a gasa, a tsoma cikin ruwa. Baki ya huce nan take ya yi tauri, baya ya huce a hankali. A cikin ruwan nan takobin yake ƙara lanƙwasa. Idan aka yi kuskure ya tsage, aikin makonni ya tafi. Wasa shi kuma sana'ar wani ce daban, mai kube daban, mai ƙota daban.

Ina muke? Na huɗu... a'a, na uku, bindiga. A 1543 'yan Fotugal suka sauka tsibirin Tanegashima da bindigar toka mai lagwani. Sarkin tsibirin ya saya, ya ba maƙerinsa ya kwaikwaya. Cikin 'yan shekaru garuruwan Sakai da Kunitomo suna ƙera su da yawa. A yaƙin Nagashino, 1575, sarakunan yaƙi Oda Nobunaga da Tokugawa Ieyasu suka jera 'yan bindiga bayan shingen itace, rundunar abokan gabarsu na gidan Takeda ta sha kashi. Manomin da aka koya wa harbi ya kayar da jarumin da ya shekara ashirin yana koyon sara. A 1876 ma gwamnatin Sarki Meiji na Japan ta hana yawo da takobi.

Na ga takardar, ranka ya daɗe, minti biyar. Na huɗu, kayan Yaƙin Duniya na Biyu: bindigar sojan Japan, Arisaka, samfurin 38 ta 1905, da samfurin 99 ta 1939... To, ga hannu can. Bismillah.

Mai tambaya: Malam, kakanmu ya yi yaƙin Burma, ya dawo da takobin Japanawa, yana nan gidanmu. Irin wanda ka bayyana ne?

Allah ya jiƙansa idan ya rasu. Ai sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun gwabza da su a kwarin Kaladan da yankin Arakan na Burma, suka kama garin Myohaung a Janairun 1945, shi ya sa ake da barikin Myohaung a Legas. Amma ɗana, kada ka sa rai da yawa. Yawancin takubban lokacin yaƙi na masana'anta ne. Duba ƙotar: idan ta alminiyam ce aka yi mata fenti, kuma akwai lamba a jikin ƙarfen, to samfurin 95 ne na su saje. Idan kuwa naɗin zare ne, akwai ɗan ƙusan gora a ƙotar, ka tura shi ya fita, ka zare ƙotar a hankali. Maƙera suna sassaƙa sunansu a gindin, kuma wasu hafsoshi tsohon takobin gidansu suka sa wa sabon kube. Tsatsar da ke gindin kada ka kankare ta, da ita masana ke gane shekarunsa. Ka ɗauko hotonsa a waya ka same ni bayan la'asar.