Kwalin da na ɗauko tun daga Ingila

Jama'a, salamu alaikum. Yau ba daga ɗakina na Ingila nake magana ba, ga ni a zauren gidanmu, wani ƙauye kusa da Gumel. Ku yi haƙuri da kukan awaki.

Bari in matso da kyamara. Kun ga wannan kwalin mai hawa-hawa kamar matakala? Shi a da masu kanti ke ɗorawa a kan kanta su jera motocin wasa na Matchbox, kowace mota da gurbinta da lambarta, daga 1 har 75. Kamfanin Lesney na Landan ne ya fara ƙera motocin a 1953. Narka ƙarfe ake yi, yawancinsa tutiya, a ɗura cikin mazubi, kusan yadda maƙeranmu ke zuba tukunya, sai dai su da inji. Ɗauki ɗaya ka ji nauyinta a tafin hannu, ka san ba roba ba ce.

Motocin ba su da wuyar samu, miliyoyi aka yi. Kwalin ne aiki. Ba don sayarwa aka yi shi ba, na mai kanti ne, in ya kwana biyu ya koɗe sai a watsar a bola. Kamfanin kansa ya durƙushe a 1982. To wanda ya tsira, masu tarawa har rububinsa suke. Ni a kasuwar 'yan gwanjo ta ranar Lahadi na tsince shi, inda Turawa ke buɗe bayan mota su baza tsofaffin kaya. Ku dubi gefen nan, jan ya koma ruwan ƙasa: rana ce ta tagar kanti ta ci shi. Ban gyara ba, kuma ba zan gyara ba.

Da Kawu ya ji na ba da fam 40, sai da ya cire hula. "Kai yanzu kwali ka saya? Ga su nan a Maigatari ranar Alhamis, kyauta!" Na rasa ta cewa. Inna ce ta cece ni, ta leƙo ta ce, "Yaya, ai jere ne. Mu ma kwanukan da muka jera a ɗaki ba tuwo muke ci a ciki ba."

Tsorona ɗaya, gara. A daren farko na ajiye shi jikin bango, Inna ta ce in ɗauke tun kafin in wayi gari da labari. Yanzu a cikin akwatin ƙarfenta yake kwana.

Gurbi na 12 ba mota, ban samu ba tukuna. Ɗazu ɗan ƙanwata ya zo da tasa ta karan dawa, mai tayar silifa, irin wadda muka ja a ƙofar gidan nan, wai a sa ta a wurin. Ta yi wa gurbin girma, sai muka ɗora ta can sama. Ga shi nan tsaye yana gadi, kar wani ya taɓa.