Sharhi: Kafin a ɗora bulo a kan tudun Aburi da Weija

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro. Sharhinmu na yau a kan gini ne a bisa tudu, da aikin da ya wajaba a yi wa ƙasa kafin a ɗora mata bulo.

Duk wanda ya san unguwannin Nima da Maamobi da Sabon Zango a birnin Accra na ƙasar Ghana ya san wuri ya ƙure. Gidajen gado sun cika sun batse, mai gidan haya kuma yana neman kuɗin shekara biyu a dunƙule. Shi ya sa da zarar Allah ya buɗa wa mutum, ko ɗansa da ke ƙasar waje ya yi aike, sai ya nufi bayan gari neman fuloti. A da Madina da Adenta ake zuwa. Yanzu an kai gindin tsaunukan Akwapim, an cika Oyarifa da Ayi Mensah, ana ta hawa zuwa Peduase da Aburi. Ta yamma kuma gidaje sun lulluɓe McCarthy Hill da Gbawe da tuddan Weija. Babu laifi mutum ya so iska mai sanyi da wurin da zai hango gari. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ginin.

Ga yadda aka saba. Dillali ya nuna maka gangare, ya ce ya fi na ƙasa araha. Ka biya, ka ɗauko katafila ta yanke tudun, ta tura ƙasar da ta yanko zuwa ɓangaren gangare, wuri ya yi kamar a daidaice. Washegari magini ya ja igiya ya fara tona fandisho. To a nan matsalar take. Rabin filin nan ƙasa ce ta asali mai ƙarfi, rabin kuwa ciko ne da bai zauna ba. Idan gida ya hau kan su biyun, ɓangaren cikon zai riƙa nutsewa a hankali duk damina, sai ka ga bango ya tsage daga kusurwar taga, ƙofa ta ƙi rufuwa. Injiniya ba ya yarda a zuba ciko a tashi ɗaya. Kaɗan-kaɗan ake shimfiɗa shi, a yayyafa ruwa, a danne da inji, sannan a ƙara wani. Fandishon kuma sai ya sauka har ya taɓa ƙasa mai ƙarfi, ko da za a yi shi hawa-hawa yana bin gangaren.

Sai katangar da ke tare ƙasar da aka yanke, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Sau da yawa bulo mai inci shida ake jerawa, a shafe da siminti, a ce an gama. Wannan katangar zagaye gida ce, ba ta iya riƙe tudu. Ƙasa jiƙaƙƙiya mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi nauyinta ya kusa tan biyu. Kuma idan ka ninka tsayin katanga sau biyu, ƙarfin da ƙasa ke tura ta da shi ninkuwa yake yi sau huɗu. Katangar gaske tana bukatar rodi da kankare da ƙafa mai faɗi a binne, a zuba tsakuwa a bayanta, a bar mata ƙananan ramuka da ruwa zai riƙa tsiyayewa. Akwai masu gida da ke sa a toshe waɗannan ramuka wai suna ɓata fenti. Don Allah a daina. Ruwan da aka hana fita taruwa yake yi a bayan katanga har ya ture ta, kuma galibi a kan ɗakin maƙwabcin da ke ƙasa take faɗawa, cikin dare, lokacin da ruwan watan Yuni ya kece.

Dutsen Akwapim kansa a shimfiɗe yake kamar shafukan littafi, ga tsaga ko'ina a jikinsa. Idan aka sare gindinsa, ruwa ya shiga tsakanin shafukan, na sama sai ya zame. Masu bin hanyar Ayi Mensah zuwa Peduase sun ga duwatsu na faɗowa kan titi, har sai da aka lulluɓe jikin tsaunin da ragar ƙarfe. Yankin Weija da McCarthy Hill kuwa a kan tsagar ƙasa yake, irin wadda ke jawo girgizar ƙasa. Girgizar ƙasar da aka yi a Accra ranar 22 ga Yuni 1939 ta kashe mutum 17, kuma ƙasa ta sake motsawa a wannan yanki a ƙarshen 2018 da kuma Yunin 2020. Wanda yake ganin maganar zaftarewar tudu ta yi nisa da mu, ya tuna da Freetown ta Saliyo, inda tsaunin Sugar Loaf ya zaftaro wa unguwar Regent ranar 14 ga Agusta 2017, aka rasa rayuka sama da dubu. Bishiyoyi aka sare aka gina gidaje a jikin tsaunin, kamar dai yadda muke yi.

Wani zai ce shi ba shi da fuloti a tudu, ina ruwansa. Ruwansa na nan tafe. Duk tudun da aka sare wa itatuwa aka malale da siminti ya daina shan ruwan sama, sai ya sako shi gaba ɗaya da gudu, haɗe da yashi da jar ƙasa. Daga tuddan arewacin gari kogin Odaw ke tasowa, ya bi ta Achimota da Alajo da shataletalen Circle kafin ya faɗa tafkin Korle, kuma cikinsa babbar kwatar Nima ke zuba. Idan Odaw ya cika da yashi, kwatarmu ba ta da inda za ta kai ruwanta. Ba mu manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba, da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a Circle, mutum sama da 150 suka rasu. Allah ya jiƙan su. Haka masu zuwa Kasoa sun san yadda ƙasar da ke gangarowa daga tudu ke rufe titi a wajen Old Barrier bayan ruwa mai ƙarfi, motoci su yi cirko-cirko.

Dokoki kam akwai su. Akwai dokar tsara amfani da filaye ta 2016, akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2018, kuma majalisun gundumomi ke ba da takardar izinin gini. Amma a ganina babban gyaran yana wajen masu sayar da ƙasa. Bai kamata sarki ko dangi ko kamfani ya yanka tudu fuloti-fuloti ba sai safiyo ya auna gangaren, injiniya ya zana inda titi zai bi yana kewaya tudun maimakon ya miƙe tsaye, ya ware hanyar ruwa da kwalbati, ya kuma nuna wuraren da ba za a taɓa ginawa ba. Yanzu fuloti ake fara sayarwa, har da kwarin da ruwa ke bi, daga baya a zo ana neman inda za a sa magudana alhali gidaje sun tare ko'ina.

Ku kuma iyayenmu alhazai da hajiyoyi da ke shirin saye, araha ba ta ado. Ku je ku ga filin da damina, bayan ruwa ya ɗauke, ku duba inda ya bi. Ku nemi injiniya mai rajista, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi tana yaye injiniyoyi kowace shekara, kuma akwai 'ya'yan zango a cikinsu. A gwada ƙasar kafin a zana gida. A haƙa magudana a saman filin don ta kare ruwan da ke saukowa, a nisanta ramin masai daga bakin gangare, a bar itatuwan da aka tarar, inda ƙasa ta yi tsirara a dasa jema, saiwarta tana riƙe ƙasa sosai. Sarakunan zango da limamai, da ake kira shaida idan za a yi cinikin fili, su riƙa tambayar mai sayarwa zanen magudanar ruwa tare da takardar filin kafin su sa hannu.

Wassalamu alaikum.