Babul Hadid da Yarinyar da Ke Cikin Akwati

Masu sauraro a Jidda da Makka da Madina, da duk inda wannan murya ta iske ku, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yau zancen fim za mu yi, tsohon fim kuwa, wanda ya girmi akasarin masu jina a daren nan. Sunansa Babul Hadid, wato ƙofar ƙarfe, tsohon sunan babbar tashar jirgin ƙasa ta Alƙahira wadda yanzu ake kira tashar Ramsis. An fitar da shi a 1958, baƙi-da-fari ne, tsawonsa bai cika minti 80 ba. Makon jiya ɗaya daga cikin tashoshin nan masu maimaita tsofaffin finafinan Masar ta sake haska shi bayan isha'i. Ni a saman soron wani dattijo na kalle shi a unguwar Hindawiyya ta Jidda, mu tara, ga butar shayi da na'ana'a a tsakiya. Fim ya ƙare wajen sha ɗaya, gardama ba ta ƙare ba sai ɗaya saura. Washegari da na ambaci zancen a shirin safe, waya ta dinga ruri har aka tashi. To, abin da na ji daga bakinku shi na kawo, tare da nawa.

Ga wanda bai kalla ba, labarin gajere ne. Wani mai rumfar jarida a tashar, Madbuli, ya tsinci wani gurgun saurayi a yashe, ya ji tausayinsa, ya ba shi jaridu ya riƙa zagawa da su. Shi ne Ƙinawi, kuma Yusuf Shahin, wanda ya ba da umarnin fim ɗin, shi da kansa ya hau wannan matsayi. Ƙinawi ya kamu da son Hannuma, wadda Hindu Rustum ta fito a matsayinta, mai tallar lemon kwalba a bokiti ba tare da izini ba, kullum tana wasan ɓuya da 'yan sanda a tsakanin taragu. Ita kuwa an sa ranarta da Abu Siri, ƙaƙƙarfan ɗan dako mai fafutukar kafa wa 'yan'uwansa ƙungiya, wanda Farid Shauƙi ya fito a matsayinsa. Ƙinawi ya miƙa mata sarƙar mahaifiyarsa a gindin gunkin Ramsis, ya yi mata alkawarin gida a ƙauyensu, ta yi masa dariya. A jaridun da yake sayarwa akwai labarin wata gawa da aka tsinta cikin akwati. Ya sayi wuƙa. Ya ɗauke bokitin Hannuma ya kai wani sito mai duhu, ya ce ta zo ta karɓa. Ba ta je ba, ta aiki ƙawarta. A cikin duhu bai tantance ba, ya daddaɓa wa ƙawar wuƙa, ya cusa ta cikin akwatin kayan auren Hannuma.

Mai gidanmu na Hindawiyya, wanda ya haura saba'in, shi ya fara buɗe baki, kuma ba yabo ya yi ba. Ya ce shi a zamanin sinimar tsakar gida ya san Farid Shauƙi, lokacin da ake kafa majigi a filin gida nan Jidda a rataya farin ƙyalle a bango, kafin a rufe komai a farkon shekarun 1980. Farid ɗin da ya sani mai naushi ne, wanda in ya shigo gidan shayi kujeru ke tashi sama, shi ya sa Misirawa suka yi masa laƙabi da sarkin masu tikitin aji na uku. A nan kuwa, in ji Baba, an tsayar da zaki gefe an ba gurgu fili. Na ce masa, Baba, ai maganarka ita ce maganar mutanen Alƙahira a 1958. Sun biya kuɗinsu don su ga naushi da waƙa da aure a ƙarshe, sai aka nuna musu dattin tasha da idon mutumin da hankalinsa ke kwancewa. Suka juya wa fim ɗin baya, duk da cewa a shekarar ya shiga gasar bikin finafinai na Balin. Sai da aka yi kusan shekara 20, talabijin ta fara maimaita shi, sannan mutanen Masar suka dawo suka rungume shi, har ya zama ba a lissafa manyan finafinan Larabawa a tsallake shi.

Jikan Baba, haifaffen nan, wanda Larabcinsa ya fi Hausarsa gudu, shi hoton ne ya kama shi. Ya yi ta mayar da mu kan layin dogon nan da ke lotsawa yana ɗagowa duk lokacin da ƙafar jirgi ta taka shi, da yadda kyamara ke matsowa har idon Ƙinawi ya cika allo. Ya ce da mai launi ne da bai ba da tsoro haka ba. Na yarda da yaron. Mai ɗaukar hoton, Albize Orfanelli, ya san abin da duhu ke yi wa zuciya. A siton nan ba a nuna maka komai filla-filla, kai ne kake ƙarasa sauran a ranka, kuma abin da ranka ya ƙarasa ya fi abin da jan fenti zai nuna muni. Samarinmu da suka fara shiga sinima tun da aka sake buɗe ta a ƙasar nan a 2018 sun saba da ƙarar bindiga da motoci masu tashi sama, sai na ji daɗi da na ga ɗaya daga cikinsu ya yi tsit don inuwa kawai.

Wani malami ya kira daga unguwar Misfala ta Makka ya ce bai kamata in tallata fim mai irin wannan shiga ba, yana nufin tufafin Hannuma da rawar da ta yi a cikin tarago. Allah gafarta Malam, maganarka tana da wurin zama, kuma ina ƙara jaddada ta: wannan ba fim ne da za a kunna a gaban yara ba. Wasu kuma, musamman waɗanda suka ci abinci da ƙarfin kafaɗarsu a kasuwannin Bab Makka da Bab Sharif na Jidda, Abu Siri kaɗai suka gani. Suka ce ga namiji, ga wanda ya tsaya don kada ɗan dako ya karye a bar shi da Allah. Gaskiya ne. Amma wannan namijin shi ne ya lakaɗa wa Hannuma duka a fim ɗin, kuma cikin waɗanda suka yabe shi babu wanda ya tuna.

Inda gardama ta fi zafi shi ne kan Ƙinawi. Rabin masu kira suka ce abin tausayi ne, jama'a ce ta haukata shi. Yara na tsokanarsa, manya na yi masa ba'a da zancen aure, Hannuma na wasa da zuciyarsa don tana buƙatar wanda zai taya ta ɓuya. Sauran suka ce a daina wannan zance, mutumin da ya lilliƙa hotunan mata a bukkarsa, ya leƙa mace tana sauya kaya, ya je kasuwa ya zaɓi wuƙa, ya tsara inda zai yi aika-aika, wannan ya san abin da yake yi. A saman soron nan har murya ta fara tashi, sai da Baba ya buga tafi ya ce a sha shayi.

Ni ma a daren ina ɓangaren masu tausayi, ba zan ɓoye muku ba. Wurin da ya karya min zuciya shi ne ƙarshe. Ƙinawi ya ritsa Hannuma a kan layin dogo da wuƙa, jama'a sun kewaye su, sai Madbuli, mutumin da ya tsince shi tun farko, ya matso yana lallashinsa kamar uba da ɗa, yana gaya masa yau ne ɗaurin aurensa, ya miƙo hannu a sa masa rigar angonci. Ya miƙa. Ashe rigar ɗaure masu taɓin hankali ce. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibitin ƙwaƙwalwa da ƙaryar cewa ziyara za a je, ya san nauyin wannan wuri, kuma na san cikin masu saurarona akwai su.

Sai ga kiran wata Hajiya daga Shari'a Mansur a Makka, ana saura minti biyar mu rufe shiri. Ta ce shekara 18 ta yi tana kasa kaya a bakin titi, gyaɗa da turare da ruwan sanyi lokacin aikin Hajji, kuma ta san gudun da Hannuma ke yi, ta san yadda ake naɗe tabarma da kaya a ciki cikin ƙiftawar ido in an hango jami'ai. Ta ce, ɗana, tun ɗazu nake jinku, wannan ya ce Ƙinawi, wancan ya ce Abu Siri, ita yarinyar da aka soka fa, wa ya faɗi sunanta?

Shiru na yi, domin ni ma ban faɗa ba. Sunanta a fim ɗin Halawatum, ma'ana zaƙinsu. Ba ta yi wa Ƙinawi dariya a gindin gunki ba, ba ta karɓi sarƙarsa ba, ba ta yi masa alkawarin komai ba. Ƙawarta ce ta ce je ki ɗauko min bokiti, ta tafi, kamar yadda 'yan talla ke yi wa juna sau goma a yini. Mu tara muka kwana muna auna laifin mai wuƙa da mizani, kowa da ayarsa da karin maganarsa, wadda wuƙar ta shiga jikinta kuwa muka bar ta a akwati.

Tun daga wannan kira ra'ayina ya sauya, kuma ga inda na tsaya. Tausayin Ƙinawi ba laifi ba ne, Shahin ya gina fim ɗin ne don mu ji shi, kuma al'ummar da ke mayar da nakasasshe abin dariya tana da alhaki a wuyanta. Amma da yawa cikin masu tausayin nan, da na sake sauraren kiran nasu, ba a kan jama'a suka ɗora laifin ba, a kan Hannuma suka ɗora. Wai da ba ta yi masa murmushi ba, wai da ta rufe jikinta, wai da ta ƙi shi cikin ladabi. Wannan magana ban karɓe ta ba. Mace ta ce ba ta so, ko da dariya ta faɗa, ba ta ci bashin wuƙa ba. Kuma Halawatum ita ce hujjar da ta rushe wannan zance gaba ɗaya, don ita ba ta yi ko ɗaya daga cikin abin da ake zargin Hannuma da shi ba, amma ita aka soka. Mutumin da ya ce yana mutuwar son mace, sai ga shi a duhu bai iya bambanta ta da wata ba. Me yake so ke nan, ita, ko hoton da ya yanka ya liƙa a bango?

Abin ya taɓa mu ne saboda tashar nan ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu da yawa ta tashoshi da tasoshin jirgin ruwa suka ratso, ta Sudan, ta Sawakin, kafin su taka wannan ƙasa, kuma da dako da talla da wanki aka rene mu. 'Yan matan da ke gudu da bokiti tsakanin taragu a Alƙahira ta 1958, mun san ire-irensu a unguwanninmu, wasu iyayenmu ne. Idan wani abu ya sami ɗayarsu, sau nawa majalisa ke tambayar lafiyarta kafin ta tambayi me ya kai ta wurin?

Hajiya ta tambaye ni abu ɗaya kafin layi ya katse, ko yarinyar ta rayu. Hajiya, in kina ji, ta rayu. An buɗe akwatin an same ta da rai, kuma bakinta ne ya wanke Abu Siri lokacin da abokan gabarsa ke neman liƙa masa laifin, ita ta faɗi sunan wanda ya soke ta. Daga nan labari ya koma kan farautar Ƙinawi a cikin duhun tasha.

Ranar Alhamis bayan magariba za mu sake buɗe layi a kan wannan fim, kuma rabin awar farko ta iyayenmu mata ce da suka yi talla a Makka da Jidda da Madina. Maza a yi mana haƙuri sai sun gama. Wassalamu alaikum.